Yadda Ake Sauya Dokokin Sihiri a PCGen Ba Tare da Taɓa Fayilolin Asali Ba

PCGen manhaja ce ta kyauta da aka rubuta da Java, aikinta haɗa takardar jarumi a wasannin tebur irin su Dungeons & Dragons 3.5 da Pathfinder. Abin da ya sa masu jagorantar wasa ke sonta shi ne dokokin ba a kulle suke ba. Kusan duk abin da ta sani game da sihiri yana zaune ne a cikin fayilolin rubutu na yau da kullum, waɗanda kowa zai iya buɗewa ya karanta. Idan teburinku ya yanke cewa tsafin tashi sama ya yi araha, ko ba a tayar da matattu a duniyarku, ko kuna son maki a maimakon gurabe (gurbi shi ne damar jefa tsafi sau ɗaya a rana), duk ana iya koya wa manhajar ta riƙa yin lissafin da kanta.

Misalan da ke nan na dokokin 3.5 ne, waɗanda PCGen ke kira RSRD. A Pathfinder ma hanyar ɗaya ce, sunaye ne kawai da wasu lambobi suka bambanta. "Tsafi" a nan yana nufin aikin sihiri guda ɗaya kamar Fireball, "aji" kuma yana nufin Wizard, Sorcerer, Cleric da ire-irensu. "Mataki" iri biyu ne: na tsafi, wato ƙarfinsa, da na jarumi a ajinsa.

Kafin ka buɗe kwamfuta

Rubuta dokar a takarda da lambobinta. "Mu rage ƙarfin masu sihiri" ba doka ba ce, buri ne. "Fly, tsafin tashi sama, ya koma mataki na 4 ga Wizard da Sorcerer" ita ce doka. Sannan ka tambayi kanka ina dokar take zaune, domin wannan ne zai nuna maka fayil ɗin da za ka rubuta. Idan tsafi ɗaya ta shafa, fayil ɗin tsafe-tsafe. Idan ta shafi yadda aji ke koyo ko yawan abin da yake iya jefawa a rana, fayil ɗin azuzuwa. Idan wani sabon lissafi ne da kake son ya fito a takardar jarumi, fayil ɗin baiwa, wato ABILITY. Idan kuma abu ne da ake ɗora wa jarumi a cire, kamar tasirin wani yanki, TEMPLATE ya fi dacewa.

Kayan aiki kaɗan ne: editan rubutu irin Notepad++ ko VS Code. Kada ka yi amfani da Word, domin yana sauya alamomin zance zuwa masu lanƙwasa, PCGen kuma ba ta gane su a cikin lissafi. Ka kunna nuna haruffan ɓoye a editan don ka riƙa bambance Tab da tazarar rubutu. A fayilolin .lst, Tab ne ke raba alama da alama. Tazara ba ta raba komai. Mafi yawan kurakuran masu farawa daga nan suke fitowa. A misalan da ke ƙasa, duk inda ka ga kibiya → to Tab ɗaya za ka danna a wurin, kuma abu guda dole ya zauna a layi guda komai tsawonsa.

Gina tushenka

Tushe shi ne tarin fayilolin dokoki da manhajar ke ɗorawa, kamar RSRD. Kada ka gyara fayilolin RSRD kai tsaye. Ranar da ka sabunta manhajar gyaranka zai tafi, kuma idan wani abu ya lalace ba za ka san ko daga gare ka ne ko daga asali ba. Buɗe sabuwar folda a cikin foldar data, ko a wurin da ka ware wa kayanka a saitunan manhajar, ka ba ta suna marar tazara, misali sihirin_tebur. A ciki ka ƙirƙiri fayil mai suna sihirin_tebur.pcc da wannan rubutu, kowace alama a layinta:

CAMPAIGN:Sihirin Teburinmu
GAMEMODE:35e
TYPE:Homebrew.SihirinTeburinmu
RANK:9
BOOKTYPE:Supplement
SOURCELONG:Sihirin Teburinmu
SOURCESHORT:ST
SPELL:tebur_spells.lst
CLASS:tebur_classes.lst
ABILITY:tebur_abilities.lst
TEMPLATE:tebur_templates.lst

Ƙirƙiri fayilolin .lst ɗin nan huɗu a foldar, ko da babu komai a cikinsu sai layin bayani da ya fara da #. PCGen tana tsallake duk layin da ya fara da wannan alama, don haka nan ne wurin rubuta wa kanka dalilin kowane gyara.

Rufe manhajar ka sake buɗewa, domin a lokacin tashi ne take neman sababbin fayilolin .pcc. A tagar zaɓen tushe ka shiga Advanced, ka zaɓi yanayin wasa na 35e, ka ɗora RSRD tare da naka. Idan naka bai bayyana ba, abu biyu za ka duba. Na farko, Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai ka tarar ainihin sunan sihirin_tebur.pcc.txt ne. Na biyu, GAMEMODE bai yi daidai da yanayin da ka zaɓa ba. A Linux kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a sunan fayil, Tebur_Spells.lst daban, tebur_spells.lst daban.

Daga yanzu, duk gyaran da ka yi a .lst ba sai ka rufe manhajar ba. Reload Sources a menu na Sources ya isa. Bar tagar Log a buɗe, tana ƙarƙashin Tools. Nan take faɗin fayil da layin da ta kasa karantawa.

Gyara tsafin da yake akwai

Hanyar ita ce .MOD a ƙarshen sunan. A tebur_spells.lst:

Fly.MOD → CLASSES:.CLEARALL → CLASSES:Sorcerer,Wizard=4

A dokar asali Fly mataki na 3 ne ga azuzuwan nan biyu. Alamar CLASSES ƙari take yi, ba ta maye gurbi. Idan ka bar .CLEARALL, tsafin zai fito a mataki na 3 da na 4 duka, ɗan wasa kuwa ba sai an gaya masa wanda zai ɗauka ba. Haka SCHOOL, DESCRIPTOR da DESC suke, sai ka share tsohon da .CLEAR kafin ka sa sabo. Kuma .CLEARALL yana kwashe dukkan azuzuwa ne, har da waɗanda ba ka yi niyya ba. Idan tsafin na Bard ne ma, ko Cleric, dole ka mayar da su da hannunka, kamar haka: CLASSES:Bard=3|Sorcerer,Wizard=4. Waƙafi yana haɗa azuzuwan da ke mataki ɗaya, sandar tsaye tana raba matakai.

Sunan da ke gaban .MOD dole ya zama daidai da na asali harafi da harafi. Kwafo shi daga fayil ɗin RSRD, kada ka rubuta da ka. Idan layin asali yana da alamar KEY, to abin da ke cikin KEY ɗin za ka yi amfani da shi, ba sunan da ke fitowa a allo ba.

Akwai abin da mutane ke mantawa. Tsafi ba ta ƙofa ɗaya yake shigowa wasa ba. Fly yana mataki na 3 a jerin Travel, ɗaya daga cikin fannonin da Cleric ke zaɓa, waɗanda ake kira Domain. Ka gyara wa Wizard, ka bar Cleric mai Travel yana tashi tun yana mataki na 5 a ajinsa. Saboda haka bincika sunan tsafin a dukkan foldar RSRD, Notepad++ yana da Find in Files don wannan. Za ka gan shi a jerin Domain, a kayan sihiri, a dodanni. Kayan da aka riga aka haɗa, kamar ruwan sha na Fly mai kuɗi 750, ba za su sauya da kansu ba, domin an rubuta matakinsu a fayil ɗin kaya. Kuma a dokar 3.5 ba a mayar da tsafin da ya wuce mataki na 3 ruwan sha, don haka da zarar Fly ya koma 4, wannan kwalbar ta saɓa wa dokarka. Takardar tsafi ma kuɗinta mataki sau matakin mai jefawa sau 25 ne: da 3 × 5 × 25 = 375, yanzu 4 × 7 × 25 = 700. Ka yanke hukunci a kan waɗannan tun kafin wani ya je kasuwa a cikin wasa.

Don cire tsafi gaba ɗaya akwai .FORGET, misali Raise Dead.FORGET. Yana aiki, amma duk wani abu da ke ambaton tsafin zai cika Log da ƙorafi. Ya fi sauƙi ka bar shi a raye ka cire shi daga hannun azuzuwa da CLASSES:.CLEARALL. Dodanni da kayan tarihi za su ci gaba da samunsa, 'yan wasa ba za su iya koya ba, wanda galibi shi ne abin da ake nema.

Idan makaranta guda kake son haramtawa, ba sai ka bi tsafi ɗaya-ɗaya ba. A tebur_classes.lst:

CLASS:Wizard.MOD → PROHIBITSPELL:SCHOOL.Necromancy

Ana iya sa DESCRIPTOR.Evil a wurin. Lura cewa layin aji yana farawa da CLASS: alhali layin tsafi da sunan kawai yake farawa.

Sabon tsafi

Ga cikakken layi, duk a jere ɗaya:

Guguwar Yashi → TYPE:Arcane → CLASSES:Sorcerer,Wizard=2 → SCHOOL:Evocation → DESCRIPTOR:Air → COMPS:V, S → CASTTIME:1 standard action → RANGE:Medium → TARGETAREA:15-ft.-radius spread → DURATION:Instantaneous → SAVEINFO:Reflex half → SPELLRES:Yes → DESC:Yashi mai kaifi yana yin rauni (min(CASTERLEVEL,5))d6 ga duk wanda ke wurin.

Bayanin DESC ka rubuta shi da Hausa yadda kake so, amma sunayen makarantu, azuzuwa da RANGE su zauna yadda RSRD ta rubuta su, domin da su ake lissafi. Medium yana nufin ƙafa 100 da ƙarin 10 a kowane mataki, Close ƙafa 25 da ƙarin 5 a kowane mataki biyu, Long ƙafa 400 da ƙarin 40. Idan ka fassara kalmar, nisan ba zai fito ba, kuma baiwar da ke ƙara wa Evocation ƙarfi ba za ta gane tsafin da ka kira makarantarsa da wani suna ba.

Baka biyu da ke kewaye da CASTERLEVEL su ne ke gaya wa manhajar ta lissafa. Ga Wizard mai mataki 3 za ta buga 3d6, wato a jefa dice mai fuska shida sau uku, ga mai mataki 9 za ta tsaya a 5d6. Haka ake yi a DURATION, misali (CASTERLEVEL*10) minutes. Wannan ne ma dalilin da za ka ga fayilolin asali suna rubuta D na tsafin da ake iya sokewa a cikin baka mai kusurwa.

Game da ƙarfi, auna sabon tsafi da maƙwabtansa na sama da ƙasa. Burning Hands mataki na 1 ne, iyakarsa 5d4, kuma sai ka matso kusa. Fireball mataki na 3 ne, iyakarsa 10d6, faɗinsa ƙafa 20 daga tsakiya, daga nesa. 5d6 a ƙafa 15 ya zauna a tsakaninsu. Da an bar shi ya kai 10d6, babu mai sake koyon Fireball.

Idan sunan yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ajiye fayil ɗin a UTF-8, sannan ka ba shi KEY marar lanƙwasa: Walƙiya → KEY:Walkiya. Duk inda za ka ambace shi daga baya, Walkiya za ka rubuta. Idan a PDF ka ga # a wurin harafin, salon rubutun takardar ne ba shi da harafin, fayil ɗinka lafiya lau yake. Gwada fitar da takardar a HTML. Kuma kada ka sa waƙafi ko sandar tsaye a cikin suna, domin su ne ke raba jerin abubuwa a sauran alamomi.

Ƙananan ƙare-ƙare

Dokoki da yawa layi ɗaya ne na BONUS. Ƙarin gurbi ɗaya na mataki na 1 ga Wizard:

BONUS:SPELLCAST|CLASS=Wizard;LEVEL=1|1

Ƙarin tsafi ɗaya da Sorcerer ya sani, haka yake sai dai SPELLKNOWN a wurin SPELLCAST. Yankin da sihirin wuta ya fi ƙarfi, a tebur_templates.lst:

Yankin Wuta → VISIBLE:YES → BONUS:DC|DESCRIPTOR.Fire|1 → BONUS:CASTERLEVEL|DESCRIPTOR.Fire|1

Ana ɗora shi a shafin Templates idan an shiga yankin, a cire idan an fita. Tsafin da aka haifi jarumi da shi kuma: SPELLS:Innate|TIMES=1|CASTERLEVEL=TL|Detect Magic, inda TL ke nufin jimlar matakan jarumin.

Ainihin lissafin wahalar tsira daga tsafi, wato 10 da matakin tsafi da ƙarin hazaƙa, yana cikin miscinfo.lst a foldar system/gameModes/35e, ƙarƙashin SPELLBASEDC. Ana iya gyara shi, amma gyaran zai shafi kowane jarumi na 3.5 da ke kwamfutar, har da na wasu tebura, kuma ba ya bin foldarka idan ka tura wa 'yan wasa. BONUS:DC|ALLSPELLS|1 yana yin aikin daga cikin tushenka.

Maki a maimakon gurabe

Wannan shi ne gyaran da aka fi nema, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Tsarin da za mu bi shi ne na Unearthed Arcana na 2004. Wizard yana shirya tsafe-tsafensa da safe kamar kullum, amma a maimakon kowane gurbi ya ƙone sau ɗaya, yana da tarin maki da yake kashewa a kan duk wanda ya shirya, sau nawa ya ga dama. Kuɗin tsafi shi ne matakinsa sau biyu a cire ɗaya: 1, 3, 5, 7, 9, 11, 13, 15, 17. Makin Wizard a rana daga mataki na 1 zuwa na 10 su ne 2, 4, 7, 11, 16, 24, 33, 44, 56, 72, daga nan kowane mataki yana ƙara 16 har zuwa 232 a mataki na 20.

Tunda shiri bai sauya ba, kada ka taɓa guraben ajin. Su ne yanzu ke nuna yawan abin da zai iya shiryawa. Abin da za ka ƙara shi ne ma'ajin maki. A tebur_abilities.lst:

Makin Sihiri → CATEGORY:Special Ability → TYPE:SpecialQuality → DEFINE:MakinSihiri|0 → DEFINE:MatakinKoli|0 → BONUS:VAR|MatakinKoli|min(9,floor((classlevel("Wizard")+1)/2)) → DESC:Maki %1 a rana. Kuɗi daga mataki 1 zuwa 9: 1, 3, 5, 7, 9, 11, 13, 15, 17.|MakinSihiri

DEFINE yana buɗe ma'aji da sifili, BONUS:VAR yana zuba masa. Koyaushe ka fara da sifili ka bar lissafi ga BONUS. %1 kuma gurbi ne da manhajar ke cikewa da abin da ke bayan sandar. MatakinKoli shi ne tsafi mafi girma da Wizard zai iya jefawa: 1 a mataki na 1, 2 a na 3, 3 a na 5, har 9 a na 17.

Don kada layin ya yi tsawon da ido ba zai bi ba, zuba teburin a layukan .MOD. Na baiwa yana da tsarinsa daban:

CATEGORY=Special Ability|Makin Sihiri.MOD → BONUS:VAR|MakinSihiri|2|TYPE=Tebur|PRECLASS:1,Wizard=1
CATEGORY=Special Ability|Makin Sihiri.MOD → BONUS:VAR|MakinSihiri|4|TYPE=Tebur|PRECLASS:1,Wizard=2
CATEGORY=Special Ability|Makin Sihiri.MOD → BONUS:VAR|MakinSihiri|7|TYPE=Tebur|PRECLASS:1,Wizard=3

Haka har mataki na 10 da 72. Sauran goman layi ɗaya ya ishe su:

CATEGORY=Special Ability|Makin Sihiri.MOD → BONUS:VAR|MakinSihiri|72+(classlevel("Wizard")-10)*16|TYPE=Tebur|PRECLASS:1,Wizard=11

TYPE=Tebur shi ne ƙashin bayan wannan. PRECLASS:1,Wizard=2 yana nufin mataki na 2 ko sama, don haka Wizard mai mataki 3 ya cika sharaɗin layuka uku duka. Ƙare-ƙaren da ba su da TYPE taruwa suke yi, sai ka ga 2 + 4 + 7 = 13 a inda ya kamata ka ga 7. Waɗanda ke da TYPE iri ɗaya kuwa, mafi girma kaɗai ake ɗauka. Idan ka ga maki sun yi yawa fiye da hankali, to wani layi ya rasa TYPE ko an yi kuskuren rubuta shi. Ƙirƙiri sunan TYPE naka. Kada ka ari Dodge ko wani suna na wasan, domin wasunsu an saita su su riƙa taruwa.

Lura da classlevel("Wizard"). A fayil ɗin aji ana rubuta CL a taƙaice, amma a fayil ɗin baiwa CL bai san ajin da kake nufi ba.

Saura ƙarin maki na hazaƙa. A tsarin, duk ƙarin gurbin da Intelligence zai ba ka a dokar asali ana mayar da shi maki bisa kuɗinsa, matuƙar ka kai matakin jefa shi. Layi tara ne, ɗaya ga kowane matakin tsafi, su ma a layukan .MOD na Makin Sihiri, kuma waɗannan ba a sa musu TYPE domin ana son su taru. Na mataki na 1 da na 3:

BONUS:VAR|MakinSihiri|if(min(MatakinKoli,INT)>=1,(floor((INT-1)/4)+1)*1,0)
BONUS:VAR|MakinSihiri|if(min(MatakinKoli,INT)>=3,(floor((INT-3)/4)+1)*5,0)

Lambobi uku ke sauyawa a kowane layi: matakin a wurare biyu, da kuɗin a ƙarshe. INT a nan ƙarin ne, wato +4 ga mai 18, ba 18 ɗin kanta ba. Ita sunanta INTSCORE. Wanda ya rikita su zai ba wa ɗan mataki na 1 maki masu yawa ba dalili. An yi amfani da min ne don a haɗa sharuɗɗa biyu a wuri ɗaya. Ka guji sanduna biyu na "ko" a cikin lissafi, domin sandar tsaye ita ce ke yanka alamar BONUS gida-gida.

A ƙarshe ka miƙa wa ajin baiwar, a tebur_classes.lst:

CLASS:Wizard.MOD → ABILITY:Special Ability|AUTOMATIC|Makin Sihiri

Gwaji da lambobin da ka lissafa da hannu tukuna. Wizard mai mataki 1 da Intelligence 20: 2 + 2 = 4. Mai mataki 5 da 18: 16 + 1 + 3 + 5 = 25. Mai mataki 11 da 10: 88 cif. Ƙirƙiri jarumai uku ɗin ka duba. Idan na biyu ya ba da 32, sharaɗin MatakinKoli bai kama a layi na 4 ba, ya ba shi makin matakin da bai kai ba.

Abubuwa uku manhajar ba za ta yi maka ba. Ba ta cire maki yayin wasa, wannan aikin fensir ne. Ba ta bin dokar da ta ce tsafin rauni yana fita ne da mafi ƙarancin ƙarfinsa sai an biya ƙari: Fireball na Wizard mai mataki 7 yana yin 5d6 a kan maki 5, sai ya ƙara maki 2 ya kai 7d6, alhali takardar za ta ci gaba da buga 7d6. Rubuta wannan a DESC na baiwar, kuma kada ka yar da dokar, ita ce ke hana mai maki 72 kashe su duka a kan tsafi mai araha da ke duka kamar mai tsada. Na uku, azuzuwan daraja da ke ƙara matakin jefa tsafi, irin su Loremaster, suna ƙara gurabe amma ba sa ƙara matakin Wizard kansa, don haka PRECLASS ba zai gan su ba. Idan akwai irin wannan jarumi a teburinku, buɗe ma'aji na uku, ka kira shi MatakinMaki, ka zuba masa classlevel("Wizard")+classlevel("Loremaster"), ka sauya sharaɗin layukan zuwa PREVARGTEQ:MatakinMaki,3 da makamantansa, sannan MatakinKoli da layin 72 su ma su karanta daga gare shi.

Sorcerer da Bard teburinsu daban ne, kuma Charisma suke bi. Kowane aji ya samu baiwarsa da sunan ma'ajinsa. Idan suka yi tarayya a suna ɗaya, jarumi mai aji biyu zai haɗe makinsa wuri guda, alhali tsarin ya raba su.

Sabon aji mai sihiri

Hanya mafi aminci ita ce ka kwafo dukkan layukan Sorcerer daga RSRD zuwa fayil ɗinka, ka sauya sunan a duk inda ya fito, sannan ka gyara. Da haka za ka gaji rubutun ƙarfin duka da na tsira yadda sigar manhajarka ke so, domin wasu alamomi sun sauya da shekaru. Tsofaffin sigogi suna rubuta SPELLTYPE:Arcane, sababbi FACT:SpellType|Arcane. Bi abin da ka gani a naka.

Alamomin da ke riƙe da sihirin ajin su ne waɗannan. SPELLSTAT:WIS yana zaɓar sifar da ake lissafi da ita, a nan Wisdom. MEMORIZE:NO yana nufin ba ya shiri da safe, YES yana nufin yana yi. SPELLBOOK:YES yana ɗaure shi da littafi. SPELLLIST:1|Druid yana ba shi jerin wani aji ba tare da ka bi ɗaruruwan tsafi da .MOD ba. BONUSSPELLSTAT:NONE yana hana ƙarin gurabe. Sai BONUS:CASTERLEVEL|SunanAji|CL, wanda idan ka manta da shi, ko ka bar sunan Sorcerer a ciki, nisa da tsawon lokaci da rauni duk za su fito ba daidai ba, alhali Log bai ce uffan ba.

Layukan mataki suna farawa da lamba:

1 → CAST:5,3 → KNOWN:4,2
4 → CAST:6,6,3 → KNOWN:6,3,1

A jerin CAST da KNOWN, lambar farko ta tsafin mataki na sifili ce, ba na 1 ba. Ajin da ba shi da ƙananan tsafe-tsafe dole ya fara da 0, in ba haka ba komai zai zame da gurbi ɗaya. Sifili a wani mataki yana nufin ƙofar a buɗe take ga mai ƙarin gurbi daga sifarsa, kamar Paladin a mataki na 4. Idan ba ka son ya samu komai, tsayar da jerin kafin wurin. Kowane layi cikakken adadi ne na wannan matakin, ba ƙari a kan na baya ba.

Idan shafin Spells ya fito fanko, kafin ka zargi fayil duba jarumin gwajin. Dokar 3.5 tana buƙatar sifa ta kai 10 da matakin tsafi, mai Wisdom 10 ba zai jefa ko na mataki na 1 ba. Bayan haka duba ko ajin yana da jeri, ta SPELLLIST ko ta CLASSES.

Tura wa 'yan wasa

Dunƙule foldar a zip, kowa ya zuba ta a wuri ɗaya da naka, kuma ku daidaita sigar PCGen. Fayil ɗin jarumi, mai ƙarewa da .pcg, ba ya ɗauke da dokokin. Sunayen tushe da KEY na abubuwan da aka zaɓa kawai yake riƙewa. Wanda ya buɗe jarumi ba tare da foldarka ba zai ga gargaɗi, tsafe-tsafen da ka ƙirƙira su ɓace daga jerinsa, kuma idan ya danna ajiyewa a haka sun tafi ke nan daga fayil ɗin. Saboda wannan dalili, da zarar an fara wasa kada ka sauya KEY ko sunan CAMPAIGN. Idan sunan tsafi ya daina yi maka daɗi, sauya sunan da ke farkon layi ka ƙara KEY mai ɗauke da tsohon. Idan kuma ka ɗaga matakin tsafin da wani ya riga ya koya, sa shi ya cire shi daga jerin da ya sani da wanda ya shirya, ya sake ɗauka a sabon matakin, domin .pcg ya rubuta shi ne a tsohon.